Jiƙon Yaya da Ƙwayar Luba

Assalamu alaikum, Yaya Haruna.

Ya ƙarin haƙurinmu? Ya yara da mutanen Wambai? Ni lafiya lau nake a Jidda. Aikatau ba wuya, sai ƙafa da ke ɗan kumbura, da kuka idan na ga zanen Inna a jakata.

Na ji kai da 'yar'uwarmu Luba ba kwa gaisawa. Ka ce ƙwayar asibitin da take kawowa ce ta kashe Inna, wai likitan cikin wayarka ya ce makircin Turawa ne. Ita kuma ta ce jiƙonka ne. Har sadakar arba'in za ku raba, kowa da tandarsa!

Yaya, ni na yi jinyarta kafin in taho. Da jiƙon naka take haɗiye ƙwayar Luba, wai kada ɗayanku ya yi fushi. Kwananta ne ya ƙare.

Don Allah ku toya wainar nan a tanda ɗaya. Zancen ƙafata kuwa, kada Luba ta ji, kai ma kada ka aiko saiwa. Ni ba zan iya haɗiye duka biyu kamar Inna ba.

Allah ya jiƙanta.

Ƙanwarka,
Ikilima