Allunan Titin Kasuwa

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Uwarki na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Kin san ni da waya ba ma shiri, yatsan da ya saba da buroshi ba ya jin latse-latse, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Na tambayi uwarki abin da kike karantawa a jami'a, ta ce wai sana'o'in ƙirƙira, wato masu zane da masu hoto da inda kasuwarsu ta dosa. Na ce ashe ni ake karantawa ban sani ba!

To ga tambayata. Mai injin buga allo da ke bakin titinmu ya yi mini tayin aiki: in rufe shagona, in koma wurinsa ina yanka leda ina ɗaurawa a firam. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Shekara talatin da ɗaya ina rubuta allunan shaguna da hannu, kuma aiki ya ja baya, ba zan ɓoye miki ba. Me littattafanku suka ce game da irina? Gaskiya nake so, ba romon baka ba.

Ki huta lafiya,
Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida mutanen gida baki ɗaya. Wasiƙarka ta zo, har 'yan ɗakinmu suka riƙa karɓa suna kallon rubutun.

Kawu, tambayarka ta faɗo a kan gaɓa. Malamarmu ta ce kowa ya zaɓi titi ɗaya ya ƙirga alamun wata sana'a, don a ga ko tana gaba ko tana baya. Ni titin kasuwarmu na zaɓa. Ka tuna lokacin hutu da ka gan ni tsallaken titi ina ɗaukar hotuna, ka ce ko na zama 'yar leƙen asiri? Aikin ke nan. Alluna arba'in da biyu na ɗauka, na zauna na tantance su a kwamfuta. Talatin da takwas na inji ne, huɗu kacal na hannu, su ma duk a karkace.

Ba na jin daɗin faɗa, amma ka ce gaskiya kake so. Lissafi ya nuna rubutun hannu ya kusa ƙarewa. Malama ma ta yaba aikin, ta ce in gabatar a gaban aji mako mai zuwa. A ganina ka karɓi tayin. Ga jerin shagunan na haɗo maka, ka gani da idonka.

Taka mai biyayya,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji shawararki, na je na ce wa mai inji na amince, zan fara ɗaya ga wata. Na ce tunda mai jami'a ta faɗa, wane ni.

Sai shekaranjiya na ɗauki jerin nan naki, na ce bari in bi titin in ga yadda ake karanta mu. Na fara daga mai gyaran agogo, kin rubuta inji. Na tsaya na daɗe ina kallon allon, don ni na rubuta shi shekara tara da suka wuce, har na faɗo daga tsani na gurɗe ƙafa. Kantin magani, inji. Mai ɗinkin labule, inji. Kafin in kai ƙarshen titi na ƙirga goma sha bakwai cikin na injin naki, duk aikin hannuna. Huɗun nan da kika ce na hannu kuwa masu shagunan ne suka yi wa kansu da ragowar fentin ƙofa.

Ban yi fushi ba, mamaki ne ya kama ni. Lokacin da injuna suka shigo, kowa ya zo sai ya ce, "Yi mini irin na inji." Sai na koyi ɓoye hannuna. Nakan ja layi da zare da alli, in tsinka fenti in shafa sau uku, in bi da takardar yashi har sawun buroshi ya ɓace. Ashe na ƙware har 'yar da na goya ba ta gane ni ba. Kuma allona yakan shekara goma bai koɗe ba, don haka wanda na yi wa sau ɗaya ba ya dawowa.

Abu ɗaya nake son sani. A darasin naku, ba a cewa mutum ya tsallaka titi ya taɓa abin da yake ƙirgawa? Da kin shafa da yatsa, da kin ji kaurin fenti a gefen harafi.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka, amma wallahi da kunya nake rubuta wannan. Na karanta wasiƙarka a bakin aji, saura minti goma in gabatar. Na shiga, na ajiye jadawalin da na tsara, na karanta musu wasiƙar daga farko har ƙarshe. Da na gama, Malama ta cire tabarau ta ce, "Sake karanta wurin takardar yashin nan." Daga nan ta ce ita ma ba ta taɓa tunanin ta tura mu mu taɓa allo ba.

Akwai baƙuwa a ajin ranar, mai tsara talla ce a wani kamfani, an gayyato ta ta yi mana magana kan inda kasuwa ta dosa. Ta ce mutane sun gaji da haruffa iri ɗaya a kowace ƙofa. Yanzu har ma'aikatanta take sawa su ɗan karkatar da rubutun kwamfuta da gangan, su ƙara masa sawun buroshi na ƙarya, don ya yi kama da na hannu. Ta ce ta daɗe tana neman wanda ya iya na gaske. Ta nemi ka yi mata allo ɗaya na gwaji, amma da sharaɗi: ba zare, ba takardar yashi, a ga hannunka a fili.

Ba zan ce maka aiki zai dawo ba, na riga na yi saurin baki sau ɗaya. Wataƙila yayi ne, gobe ya wuce. Amma don Allah, Kawu, kada ka rufe shago saboda ƙirgen da na yi daga tsallaken titi. Saura kwana shida wata ya ƙare. Ka yafe mini.

Taka,
Auta

*

Auta,

Na gaishe ki. Babu abin yafewa.

Wato akwai masu cin albashi don su karkatar da harafi? Duniya makaranta. Na gwada abin da baƙuwar taku ta ce. Allo uku na yi ba zare, duk suka fito santal, hannun ya ƙi. Na huɗu ne ya ɗan saki jiki, sawun buroshi ya fito. Maƙwabcina mai aski ya leƙo ya gani, ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Ni kuwa na zauna ina kallonsa har fenti ya bushe, don rabona da ganin rubutuna tun kafin a haife ki.

Na koma wurin mai inji na ba shi haƙuri, ya ce zan yi da-na-sani. Mai yiwuwa ne. Ga allon nan wurin direba, ki kai wa baƙuwar taku. A ƙasa ta dama na sa sunana, ban taɓa yi ba.

Kawunki