Takalman Sadisu a Bakin Tabarma

Daren Asabar, Wudil

Ƙafafuna kamar ba nawa ba, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Yau muka yi wasan kwaikwayonmu, saura ƙiris ya watse a hannuna, ni da aka ɗora wa kula da bayan fage. Ana dab da wurin jana'iza, Sadisu da zai fito a gawa ya leƙa ta labule ya hango mahaifiyarsa. Ashe tun daga Achika ta taho kallonsa, ba ta gaya masa ba. Ya juyo ya ce, "Wallahi Inna ba za ta gan ni cikin likkafani ba." Na yi faɗa, na yi lallashi, ko gezau.

Sai Hadiza mai kula da kayan sawa ta ce, "Shugaba, ƙyale shi. Wa yake ganin gawa a zaman makoki?" Ta shimfiɗa tabarma a dandali, ta ajiye hularsa da takalmansa, ta jera samari suka zauna kai a sunkuye. Ta raɗa wa Bello ya shiga ya yi gaisuwa kawai.

Bello ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Zauren gaba ɗaya ya amsa da "Amin." Tsikar jikina ta tashi. Yarinyar nan ko murya ba ta ɗaga ba!

Da aka tashi Inna ta shigo bayan fage, ta ɗauki takalman ta dire a gaban ɗanta, ta ce, "Maza saka abinka." Hadiza na gefe tana ninke likkafanin, tana murmushi.