Lungun Inna

Zuwa ga Baban yara,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ciwon bayan? Yara suna gaishe ka.

Maganar rushe lungunmu na gidan Inna ta mutu. Hukuma ta ce ba za a faɗaɗa shi ba, wai tsarin tsohuwar unguwa kayan tarihi ne, ko lanƙwasa ɗaya ba za a miƙar ba. Ka san na sa rai idan aka rushe Inna za ta dawo wurinmu. Har labule na saka a ɗakin da na gyara mata.

Ƙanwata Auta ce ta ɓata min lissafi. Ita ta bi gida-gida ta tara mutane, ta zagaya da ma'aikatan hukumar tana nuna musu rijiya da zauruka. Yanzu ko mai shayi yabonta yake. Inna kuwa ba ta da zance sai Auta. Ni da nake kai ta asibiti, ko a gefen labari ban fito ba. Na yi wa Auta barka, amma murmushin iya leɓe ya tsaya.

Taka,
Maman yara

Baban yara,

Na ga amsarka, na gode. Ka ce in yi haƙuri, ina ƙoƙari.

Jiya na je wurin Inna. Na bar mota a bakin titi na taka, tunda lungun ko kurar ruwa da ƙyar take shiga. Na hango Inna ta fito ita kaɗai za ta gidan aminiyarta. Idon nan ya ƙara lalacewa, amma tana shafa bango tana tafe. Ta san inda zai lanƙwasa, ta san inda za ta tsallake kwata. Na sake roƙonta ta koma wurina. Ta ce min, "Unguwarku fili ce fetal, me zan dafa?"

Na gane, wallahi na gane. Amma ganewar ba ta rage min zafi ba.

Da za mu dawo na kama hannunta. Ta matse nawa, ta jingina da kafaɗata, ta sa min albarka mai tsawo, irin wadda na daɗe ina son ji. Sai dai da sunan Auta ta rufe. Ban gyara mata ba, don kada ta saki hannun.

Ka kira ni idan ka samu sarari. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Maman yara