Yaya, Na Mayar Da Farin Ɗakin Baba Shuɗi

Zuwa ga Yaya Sani, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Mu nan Daura lafiya ƙalau, Inna tana gaishe ku. Na rubuto maka ne a nan inda jama'a za su gani, don in ka tashi faɗa a samu masu ba ka haƙuri. Na yi abin da ka hana, Yaya, kuma da za a sake, sai na sake.

Bari in tuna maka daga farko. Bayan an yi wa Baba aikin yanar ido, ka gina masa ɗakin bulo a tsakar gida, da tayil da silin da manyan tagogi biyu. Kai ka zaɓi fentin da kanka: fari tas, fentin mai, mai sheƙi kamar faranti. Ka ce mutumin da ya yi shekaru yana lalube, haske ya dace da shi. Duk mun yarda da kai.

Ranar da aka buɗe ɗakin, Baba ya shiga, ya yi addu'a, ya sa maka albarka, ya fito. Bai taɓa kwana ko wuni a ciki ba. Ya koma tsohon soronsa na ƙasa, wanda gara ta cinye wa azara, bangon gabas kuma ya tsage har hannu na shiga. Magini ya duba ya ce soron nan ba zai ga ƙarshen wata damina ba.

Babu wanda bai yi magana ba. Inna ta yi har ta gaji. Kawu Lawal ya hawo babur tun daga Baure, ya wuni yana lallashi. Amsar Baba ɗaya ce ga kowa: “Ɗaki ya yi kyau, Allah ya yi wa Sani albarka.” Kai kuma ka yi fushi, ka ce taurin kai ne na tsufa, ka daina kiran waya. Sati uku Baba yana ajiye wayarsa kusa da buzunsa yana dubawa. Wannan ba ka sani ba.

Wata Asabar da hantsi ina share sabon ɗakin, sai Baba ya shigo neman rediyonsa da Inna ta ɓoye a can da gangan. Rana ta faɗo ta taga, ta daki bango, ta dawo. Na ga ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa, hawaye na zuba, yana bin bango da ɗaya hannun kamar yadda yake yi kafin aiki. Na jefar da tsintsiya na kama shi. Da muka fito inuwa ya ce, “Hadiza, kamar ana watsa min allurai a ido. Amma kada yayanki ya ji, ya sha wahala a kan ɗakin nan.”

Ka ji dalilin da ya sa na kira ka washegari na ce a canza fenti, na kasa faɗa maka dalili. Ka tuna abin da ka ce? “Kada wanda ya taɓa min farin nan.” Na ajiye waya na yi kuka, ga alkawarin Baba a wuyana, ga umarninka, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas duk yamma.

Na koma asibitin ido na tambayi wata ma'aikaciya. Ta ce wasu sukan yi fama da ƙyalli bayan aiki, a rage masa abin da ke sheƙi, ya riƙa sa baƙin tabarau. Tabarau kam Baba ya ce ba zai zauna da shi a cikin ɗaki kamar ɗan acaɓa ba. Sai na fara lura da inda yake ajiye idonsa in yana hutawa. Kullum wuri ɗaya ne: wani tsohon zanen Inna, shuɗi da wanki ya kashe wa kaifi, da take shanyawa a igiya. Na roƙe ta, ta yago min bakinsa.

Da wannan ƙyallen na je wurin Malam Idi mai fenti, wanda ya yi maka aikin farko. Ya juya shi a hannu ya yi dariya, ya ce, “Malama, shuɗi ai na shagon aski ne da masu cajin waya.” Na ce masa ba irin wannan ba, ina son shuɗin da ya kwantar da kai. Muka zauna a bakin shagonsa da bokitin farin fentin ruwa, wanda ba ya sheƙi in ya bushe. Yana ɗiga shuɗi, yana ɗiga baƙi kaɗan don ya kashe shi, ina shafawa a kwali muna jira ya sha iska. Kwali biyar na ɗauko.

Na jera wa Baba su a jikin bango, ban ce masa komai ba. Na farko ya ce robar wanka. Na biyu ya ce rigar 'yan firamaren da nake koyarwa. A na huɗu ya tsaya, wani shuɗi mai ratsin toka, irin na hadarin da yake nesa bai iso ba. Ya daɗe yana kallo ko ƙiftawa bai yi ba. Ya ce, “Wannan ba ya faɗa da ido.”

A ranar na yanke shawara. Inna ta ce, “In yayanki ya tashi, ni ban gani ba, ban ji ba.” Kwana biyu bayan nan na same ta a kan keke tana ɗinka labule ruwan ƙasa.

Ashe fentin mai ba ya karɓar wani a kansa sai an kankare sheƙin. Kwana uku muna gogar bango da samfefa, ni da Malam Idi. Ina tasowa daga makaranta in ɗaura tsohon zane in shiga. Fatar yatsuna ta saɓule, na kasa riƙe alli sosai a aji. Sannan muka yi shafi biyu. Da fari na tsorata, don yana jiƙe ya yi duhu kamar rini, na ce shi ke nan na ɓata maka ɗaki a banza. Da ya bushe sai ya lafa, ya yi sanyi. Silin mun bar maka shi fari, can sama ba ya cutar kowa. Na shimfiɗa darduma a kan tayil, don shi ma yana mayar da rana. Na canza ƙwan lantarki zuwa mai laushin haske. Muka shigo da akwatin littattafansa da kujerarsa ta katako, sai ga tsofaffin kayan nan sun fito a jikin shuɗin kamar don shi aka yi su.

Ranar Juma'a da ya dawo daga masallaci na tare shi a ƙofa, na ce Baba ka leƙa. Ya sa ƙafa, hannunsa ya tashi zai kare fuska kamar yadda ya saba. A rabin hanya hannun ya tsaya, ya sauka. Ya buɗe idonsa duka biyu, ya bi bango huɗu da kallo, ya zauna a kujera. Sai ya ce in miƙo masa Alƙur'ani.

Yaya, da idonsa ya karanta Suratul Kahfi, yana bin layi da yatsa, tun daga farko har ƙarshe, babu hawaye ko ɗigo. Inna da ke laɓe a bakin ƙofa ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya haihu.

Baba da kansa ya aika aka kira magini aka sauke soron. Da aka yaye rufin, wata azara ta karye a hannun mutum ɗaya kamar karan dawa. Kowa ya yi salati. Ranar Talata da la'asar ruwan farko ya sauka da iska mai ƙarfi, mu kuwa muna zaune a ɗakin da ka gina, Baba yana shan fura yana ba mu labarin kasuwar shanu ta Mai'adua a zamaninsu.

Yanzu mata sai shigowa suke ganin bango. Malam Idi, mai cewa na shagon aski ne, ya riga ya yi wa gida uku, yana kiran shi kalar Malama, yana kuma rantsuwa tun farko shi ya hango.

Baba ne ya sake ni daga alkawari, ya ce in faɗa maka komai. Bai taɓa ƙin ɗakinka ba, Yayana. Ya gwammace soro ya faɗo masa da ya ce maka ka yi kuskure. Kuma ya ba ni saƙo: yana so a yi wa zaure irin wannan shuɗin, amma ya hana kowa taɓawa. Ya ce a ajiye bokiti da burushi har ka zo da Sallah, yana so ya zauna a gefe ya ga ɗansa yana shafawa, tunda yanzu yana gani.

Allah ya saka maka da gidan Aljanna kamar yadda ka rufa wa mahaifinmu asiri. Allah ya ƙara wa Baba da Inna lafiya da nisan kwana, ya tsare mana kai a inda kake, ya kawo ka gida lafiya. Ka kira shi yau, kada ka bari sai gobe.

Ƙanwarka mai kunnen ƙashi,
Hadiza