Mota Mai Kujera Biyar

Levenshulme, Manchester
4 ga Oktoba, 2013

Na ci jarrabawar tuƙi ta ƙasar nan! Takardar tana hannuna yanzu haka.

Yi haƙuri 'yata Rabi'a, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Birmingham?

Kin san yayanki Sunusi ya shirya mana hutun Disamba a Ostareliya. Mota za a yi haya, a bi bakin teku, a ratsa gonakin inabi, sannan a shiga dajin da ba kowa. Ni ya ce in tsara hanya, tunda na shekara talatin ina jan babbar mota tsakanin Kano da Agadas. Wata uku ina zaryar laburare, duk da council, wato ƙaramar hukuma, ta rage kwanakin buɗewa. Da ɗan bokon da na koya a makarantar dare ina da shekara arba'in na bi taswira gari-gari, na rubuta inda za a sha mai da jarkar ruwan da za a ɗauka. Inabi kuwa 'ya'yansa za mu ci, abin da suke matsewa su riƙe kayansu.

Su Nuru da Raki, 'ya'yan Sunusi, za su ga kakansu riƙe da sitiyari, ba zaune a falo ba.

Mahaifinki,
Ashafa

20 ga Nuwamba, 2013

Rabi'a,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya.

Jiya na tsinci takardar hayar motar a kan teburin cin abinci. Ba duk Turancin na gane ba, amma direba kujeru yake fara dubawa. Biyar ne. Sunusi, matarsa Sa'adiya, yara uku. Na sake ƙirgawa da yatsa.

Da na tambaye shi sai ya sunkuyar da kai, ya kawo maganar hawan jini da nisan jirgi. Ya ce wajenki zan zauna, har kin gyara mini ɗaki. Ashe tun Ƙaramar Salla kuka gama magana. Ranar da na aiko miki da albishir kin sani, kika kira ni kina ta barka.

Ba rashin zuwan ne ya fi ci mini rai ba. A tasha, wanda ba za a tafi da shi ba tun da safe ake gaya masa, ba a barinsa ya ɗaure kaya ya ja igiya tukuna. Kun ga abin yana sa ni fita da walwala, sai kuka bar ni ina yi, kamar yaron da aka miƙa wa murfin tukunya ya yi tuƙi.

Mahaifinki,
Ashafa

9 ga Disamba, 2013

Rabi'a,

Ina gaishe ku duka. Wasiƙarki ta iso. Na yafe, amma zuciya ba ta huce ba, kuma ɗakin nan ki ba wani.

Na damƙa wa Sunusi littafin hanyar. Na so in riƙe, sai na tuna jikokina ne a motar. Na ƙara masa jarka biyu a lissafin ruwa.

Maƙwabcinmu Manasseh, mutumin Kafanchan, idonsa ya yi rauni, motarsa ta shekara a ajiye. Ya sa sunana a inshora. Ranar Asabar za mu nufi bakin tekun Wales, shi da matarsa Angelina a baya, ni a gaba. An ce sanyi da iska kawai za mu tarar. Mun ji, za mu je.

Ƙarfe tara za mu tashi. Ki taho da maigidanki da yara, ki gaya wa yayanki ya fito da nasa, tunda jirginsu sai Litinin. Ku tsaya a bakin titin Stockport Road, kowa ya zo ya gani da idonsa.

Mahaifinki,
Ashafa Direba