Hannun Baba Nicodemus

Glenwood, Greensboro
3 ga Afrilu

Anti Lucia,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Jos, yaya ƙafar?

Baba ya hana ni faɗa miki, amma bakina ya gaji. Ranar Talata wani ɗan sanda ya tsayar da shi a titin Gate City Boulevard saboda fitilar bayan motarsa ta mutu. Kin san ƙaninki da ladabi: ya fito daga mota, ya rusuna zai gaishe shi, ya sa hannu a aljihu zai ciro lasisi. A nan ba a fitowa sai an ce ka fito. Aka maka shi da ƙasa, kafaɗa ta goce, kuma shi ake tuhuma da yi wa hukuma gardama. In aka same shi da laifi, aikin tuƙin bas ya tafi.

Mutanen coci da na masallaci da baƙaƙen Amurkawan unguwarmu mun haɗu, muna neman alƙali ya saki bidiyon kyamarar da ke ƙirjin ɗan sandan. Lauyarmu ta ce sai Baba ya sa hannu a takardar neman. Ya ƙi. Wai shi baƙo ne, ba ya ja da masu gari.

'Yarki, Tabitha

Jos
8 ga Afrilu

Tabitha 'yata,

Na gode wa Allah da ya bar shi da rai. Amma wace irin ƙasa ce wannan da gaisuwa ke karya kafaɗa? Kyamarar nan, shi ɗan sandan ne ke kunna ta da kansa? To ya manta tana kallonsa ne? Su maƙwabtan naku, me ya shafe su da Nicodemus? Ki ba ni amsa, ba na son taƙaitawa.

Na kira shi na ce ya tara dattawa su je su ba mutumin haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ke kuma ki rage zafin kai.

Uwarki, Lucia

Glenwood
15 ga Afrilu

Anti,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Shawararki ta kusa kashe mu.

Ranar Asabar muna taro a coci sai ga Baba da abokinsa Alhaji Surajo da Fasto, sun sha manyan riguna, riƙe da takardar ban haƙuri za su kai ofishin 'yan sanda. Lauya ta karanta, ta dafe kai. A nan duk wanda ya rubuta ban haƙuri ya amsa laifi ke nan.

Kin yi tambaya kan maƙwabta. Akwai Mama Odessa, baƙar Ba'amurkiya 'yar shekara tamanin, a garin nan aka haife ta. Ta ce Baba ya nuna mata yadda ya yi gaisuwar. Ya nuna. Ta juyo ta tambaya: su wa ke fitowa daga mota haka? Alhaji ya ce, "Ai dukanmu, Mama, respect ne." Maza goma sha ɗaya suka ɗaga hannu. Ta ce ita tana 'yar shekara tara ubanta ya koya mata kafe hannu a kan sitiyari in ɗan sanda ya tsayar da mota, su kuwa wa ya koya musu?

Baba ya ninke takardarsa ya tafi gida. Har yau bai sa hannu ba. Tsoro nake ji, Anti.

Tabitha

Glenwood
2 ga Mayu

Yaya Lucia,

Gaisuwa da ladabi. Na saɓa miki, ki yafe ni. Na sa hannu, jiya aka nuna mana bidiyon.

Na ga wani tsoho kwance a kan kwalta, gwiwar wani yaro ɗan sanda a bayansa, tsohon yana ta cewa "sorry sir". Na ƙirga, Yaya, sau bakwai. Ban ma tuna na faɗa ba.

Shari'a ranar Litinin. Na takwas ɗin daga bakin ɗan sandan nake jira.

Ƙaninki, Nicodemus