Ni Ma Na Yi Magana Yau

Daren Laraba, Abbey Wood

Yau na ɗaga hannu a aji, karon farko tun shigata sakandare. Na karanta shafi guda, har na kai ƙarshe.

Ina shigowa gida Mama ta ɗora yatsa a baki. "Shiru, Hanifa, ina recording."

Tun da ta bar aikin banki ta fara kwas ɗin share fagen digiri na biyu a gyaran maganar masu matsalar furuci, ƙanena Abba ya zama sarki. An ce ta naɗi maganar ɗan shekara biyu, ta rubuta komai. Abba ya ce "nana", wai ayaba, ta yi ta tafi: "Ɗan albarka!" Ayaba fa! Ni kuwa shafi guda.

Na hana shi biskit ɗina, ko da yake ba laifinsa ba ne.

Da ta shiga kicin ta bar wayar tana ɗauka, na sunkuya na ce, "Mama, yau na yi karatu a gaban aji."

Yanzu tana falo tana sauraren abin da wayar ta ɗauka. Dole ta iso wurin da na yi magana. Na bar ƙofata a buɗe.